Wa ya ƙirga shekarun duwatsun Aktik, kuma ta yaya aka san teku ya taɓa hawa kansu?

Malam, tambayar taka in na fahimce ta da kyau abu uku ce a dunƙule. Ka ce ka ji ana cewa an samu burbushin halittun teku a kan tsaunukan yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, wai shaida ce teku ya taɓa tasowa ya shafe wurin shekara miliyan kaza da suka wuce. Toh wa ya ƙirga shekarun, da kabon ɗin nan da ake yawan faɗa ake aunawa ko da me? Ta yaya dutse zai nuna ruwa ya hau? Sannan in dai teku ya saba hawa da sauka tun da can, na yanzu da ake ta surutu a kai meye abin tada hankali a ciki?

Bari in fara cire kabon daga lissafin dan shi ya fi rikita mutane. Kabon-14 duk shekara 5,730 rabinsa yake ƙarewa, in aka yi haka sau tara ko goma ɗan abin da ya rage na'ura ma ba ta iya bambance shi da dattin da ya shiga samfurin daga baya, shi ya sa iyakacin aikinsa wajen shekara 50,000 ne. Duk wanda ya ce maka an auna ƙashin dainoso da kabon an samu miliyan 100, toh ko dai shi bai gane abin da ya karanta ba ko wanda ya rubuta ɗin ne bai gane ba. Kabon yana da wurin aikinsa a Aktik, zan zo kai, amma can ƙarshen labari ne.

Sai shi kansa dutsen. Duwatsun da ake samun burbushi a ciki yawanci yashi ne da laka da ɓawon ƙananan halittu suka kwanta hawa-hawa, na sama ya danne na ƙasa har suka ƙanƙame suka zama dutse. In ka ɗauki ƙwayar yashi ɗaya daga ciki ka kai ɗakin gwaji, shekarun da za ta ba ka na tsohon dutsen da ta ɓalle daga jikinsa ne, ba lokacin da ruwa ya kawo ta ya ajiye a nan ba. Sai ka ga dutsen yashi ɗan shekara miliyan 120 amma ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri da ake kira zirkon da ke cikinsa wasu sun haura biliyan ɗaya. Iyakar abin da za su gaya maka shi ne dutsen bai girmi ƙwayar da ta fi kowacce ƙuruciya a cikinsa ba. Shi kuma burbushi babu wata lamba a jikinsa, jeri kawai yake bayarwa, wannan ya riga wancan, wancan sa'an wannan ne. Lambar daga wani wuri daban take zuwa. In ka riƙe wannan sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Yadda dutse yake nuna ruwa ya hau shi ne ɓangaren da ya fi daɗi a aikin. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙar rijiya ya san ƙasar ba iri ɗaya take fitowa ba, a fara da baƙa, a shiga jar marmara, a tarar da yashi, a kai yumɓu, kuma ba sai an gaya maka ba ka san ta ƙasa ita ta riga kwanciya. Haka muke karanta dutse, sai dai mu daga ƙasa muke farawa mu yi sama. Ka tsaya gaban wani gangare, a gindinsa ka ga siririn layin kwal, ƙarƙashin kwal ɗin ga sawun saiwoyi sun nutsa cikin dutsen, ka san nan fadama ce a kan tudu, itace ya tsiro a wurin. Ka ɗan hau sama ka tarar da dutsen yashi mai layuka a karkace duk sun fuskanci gefe ɗaya, aikin kogi kenan. Sai kwatsam wani siririn layi, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, cike da tsakuwa da farfasassun ɓawon halittun teku, nan ne igiyar ruwa ta iso ta kankare ƙasar ta wuce gaba. Daga nan yashi mai laushi da ramukan tsutsotsin teku birjik, yana ta ƙara laushi kana hawa, har ka kai baƙin dutsen laka mai ɓarewa ganye-ganye, babu ramin tsutsa ko ɗaya a jikinsa saboda ƙasan ruwan ba iskar shaƙa, ga ɗige-ɗigen ma'adinin fairait suna ƙyalli ruwan ɗorawa, wani in ka fasa shi da guduma har warin fetur kake ji. Kai ba ka matsa ko'ina ba, wuri ɗaya kake tsaye, amma fadama ta koma kogi, kogi ya koma gaɓa, gaɓa ta koma tsakiyar teku. Wani Bajamushe Johannes Walther ya tsara wannan a 1894, cewa wuraren da suke maƙwabtaka da juna a shimfiɗe su ne kake gani ɗaya bisa ɗaya a tsaye in gaɓar teku ta matsa.

A tsibiran Svalbard na ƙasar Nowe akwai wani wuri Festningen, bakin mashigin Isfjorden, wanda ɗaliban ilimin duwatsu suke rububin zuwa. Lokacin da motsin ƙasa ya sa babban tsibirin Girinlan ya gogi Svalbard ya wuce, matsin ya tada hawa-hawan duwatsun wurin suka miƙe tsaye, dan haka ba sai ka hau tsauni ba, bin gaɓa kawai za ka yi wajen kilomita 7 daga yamma zuwa gabas ka ratsa daga zamanin Famiyan, tun kafin bayyanar dainoso, har ka wuce ƙarshen dainoso. A nan ne a 1960 aka ga sawun ƙafar dainoso a jikin bangon dutsen yashi, a tsaye ƙiƙam, yashin bakin kogi ne da ya taka wajen shekara miliyan 125 da suka wuce. Ƙarƙashin wannan yashin kuma baƙar lakar teku ce, irin wadda a wani ɓangaren tsibirin tawagar Jørn Hurum ta Jami'ar Oslo ta yi shekaru tana tono manyan dabbobin ruwa daga ciki, har da wanda aka raɗa wa Pliosaurus funkei a 2012. Saman yashin kuma teku ne ya sake dawowa. Ka ga ruwa ya ja baya, dainoso ya yi yawo, ruwa ya komo, duk a bango ɗaya. Kuma kar ka ɗauka a cikin ƙanƙara suka rayu, ita kanta Svalbard tafiya take yi, a zamanin Debon, tun kafin Famiyan ɗin ma, tana kusa da tsakiyar duniya inda ake zafi, a hankali ta yi ta gangarawa arewa har ta kai digiri 78 da garin Longyearbyen yake a yau.

Toh yanzu jeri. Wani Bature ɗan Ingila William Smith, mai aikin awon magudanan ruwa, shi ya lura kowane hawa na dutse yana da irin burbushinsa, kuma jerin ba ya canzawa ko ka je wani gari, har ya fitar da taswirarsa a 1815. Halitta in ta ƙare a duniya ta ƙare, ba ta dawowa, shi ne sirrin abin. Amma ba kowane burbushi ne yake da amfani ba. Babban ƙashi na jarida ne da gidan tarihi, mu abin da muke nema shi ne halittar da ta yi yawa, ta bazu ko'ina cikin teku, kuma irinta bai daɗe ba ya canza kama. Amonayit ita ce sarauniya a nan, wata halittar teku mai naɗaɗɗen ɓawo irin na katantanwa, a zamanin Jurasik, wato tsakiyar lokacin dainoso, sau da yawa nau'i ɗaya bai kai shekara miliyan ɗaya ba wani ya maye gurbinsa. Aktik ɗin ma ba 'yar kallo ba ce a wannan fagen. A tsibiran arewacin Kanada akwai kwarin Sverdrup, inda laka da yashi suka taru kaurinsu ya kai wajen kilomita 13, wani masani Tim Tozer na hukumar binciken duwatsun Kanada ya bi amonayit ɗin wurin hawa bayan hawa, a shekarun 1960 ya raba farkon zamanin Tirayasik, wanda yake tsakanin Famiyan da Jurasik, gida huɗu, Griesbachian, Dienerian, Smithian, Spathian, duk sunayen ƙananan rafuka ne a tsibiran Axel Heiberg da Ellesmere, kuma har yau masana a Sin da Turai da Amurka suna amfani da su.

Inda babu amonayit sai a koma ga ƙananan da ido ba ya gani sosai. Akwai konodon, haƙoran wata siririyar halittar ruwa ce da ta ƙare tun ƙarshen Tirayasik, yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ba. Aikinsu wahala ce zalla wallahi. A ɗauko dutse kilo biyu ko uku, a farfasa, a jiƙa cikin asid mai rauni irin na binega na makonni ana canza ruwan, a tace ɗan garin da ya rage, sannan mutum ya zauna gaban maikuroskof da siririn burushi mai jiƙaƙƙen baki yana tsintar haƙori ɗai-ɗai. Wani samfurin a gama duk wannan a samu uku, wani babu ko ɗaya. Amma haƙori ɗaya na Hindeodus parvus ya isa, domin bayyanarsa ta farko ita ce aka amince a duniya a matsayin farkon Tirayasik, kuma ma'aunin yana Meishan a ƙasar Sin. A Svalbard da arewacin Kanada daidai wannan gaɓar dutsen yake sauya fuska gaba ɗaya, daga ƙaƙƙarfan dutse mai cike da ƙayoyin soson teku sai laka mai laushi marar alamar rai sosai, teku ya hau, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ƙasan ruwa, lokacin mutuwar halittu mafi girma a tarihin duniya kenan, wadda ake dangantawa da aman wutar Saiberiya.

Lambar kuma daga toka take zuwa. Dutse mai aman wuta in ya fashe tokarsa tana tashi ta sauka cikin teku cikin 'yan kwanaki, ta kwanta siririn layi tsakanin laka, daga baya ta ruɓe ta zama wani yumɓu mai santsi, fari-fari ko ruwan ɗorawa, wanda in ba ka saba ba za ka taka shi ka wuce. Cikinta akwai zirkon sabo fil wanda aka haifa tare da aman wutar. Shi zirkon lokacin da yake haɗuwa yana karɓar yuraniyom amma ba ya karɓar dalma, dan haka duk dalmar da ka samu a ciki daga ruɓewar yuraniyom ta zo. Yuraniyom-238 rabinsa yana komawa dalma cikin shekara biliyan 4.47, yuraniyom-235 kuma miliyan 704, agogo biyu kenan cikin ƙwaya ɗaya, in suka saɓa wa juna ka san ƙwayar ta samu matsala ka jefar. Da haka aka samu shekara miliyan 251.9 a Meishan. Toh duk inda ka tsinci wancan haƙorin, ko a Svalbard ne, lambar Meishan ta bi shi. Daga baya ma an samu layin toka a Svalbard ɗin kanta kusa da haƙorin, aka auna ya ba da wajen miliyan 252, magana ta zo ɗaya.

Misalin da na fi so shi ne na tsibirin Axel Heiberg. A 1996 tawagar John Tarduno ta Jami'ar Rochester ta samu ƙasusuwan wata dabba mai kama da kada, champsosaur, tare da kunkuru da kifaye, dabbobin ruwan daɗi da ba sa jure sanyi. Ba wanda ya auna ƙashin. Ƙarƙashinsa narkakken dutsen aman wuta ne da ya daskare, an auna shi da hanyar agon, wata iska da ke taruwa cikin dutse a hankali bayan ya daskare, ya ba da wajen miliyan 95. Samansa kuma baƙar lakar teku ce da ake kira Kanguk mai nata burbushin da nata layukan toka. Ƙashin yana tsakiya, ba shi da wajen gudu, wajen miliyan 90 kenan. Kuma ka lura da abin da jerin yake faɗa, tafki ne na ruwan daɗi teku ya zo ya haye kansa. Wannan hawan na tsakiyar zamanin Kiretashiyos, zamanin ƙarshe na dainoso da ya biyo bayan Jurasik, shi ne wanda nake iya bugun ƙirji in ce na duniya ne baki ɗaya, domin a daidai wannan zamanin teku ya raba Amurka ta Arewa gida biyu daga Aktik har gaɓar Meziko, kuma ya ratsa Sahara ya shigo ta kwarin Binuwai. Dutsen da ake fasawa a Ashaka ta jihar Gombe ana yin siminti, lakar wannan tekun ce, cike yake da amonayit na wajen shekara miliyan 94. Na Kalambaina a Sakkwato shi ma na teku ne amma na wani shigowar daban, bayan ƙarewar dainoso.

Inda gizo yake saƙar a Aktik shi ne halittunta ba sa son cuɗanya da na kudu. A ƙarshen Jurasik tekun arewa ya kusa killacewa, amonayit ɗinsa suka zama nasa shi kaɗai, na tekun Tetis da ke kudu su ma nasu daban, babu nau'in da za ka riƙa ka ce ga shi can ga shi nan. Har ta kai masanan Rasha suna da nasu sunan zamanin, Volgian, na Turai ta kudu suna cewa Tithonian, aka yi shekara da shekaru ana kai ruwa rana a kan ko ƙarshensu ɗaya ne. Abin da ya taimaka shi ne maganaɗisun duniya, wanda yake juyawa lokaci zuwa lokaci arewa ta koma kudu, na ƙarshe ya faru wajen shekara 780,000 da suka wuce, kuma laka tana riƙe alƙiblar lokacin da ta kwanta. Juyawar a lokaci ɗaya take faruwa a duk duniya, ba ruwanta da sanyi ko zafi. Aka je Nordvik a gaɓar arewacin Saiberiya aka auna hawa-hawan, sakamakon ya fito a 2007, ya nuna saman Volgian ya ɗan tsallaka cikin Kiretashiyos. Duk da haka har yanzu iyakar Jurasik da Kiretashiyos, wajen miliyan 145 ko ƙasa da haka kaɗan, ita ce babbar iyakar da ba a kafa mata ma'auni na duniya ba. Ga kuma wata fitinar, ruwa da ƙanƙara suna tono tsohon burbushi su sake binne shi cikin sabuwar laka, musamman ƙurar furanni da ba ta ruɓewa, wanda bai yi hattara ba sai ya tsufar da dutse da shekara miliyan 50 a banza.

Sai labarin 2004, wanda duk mai son ya san ƙarfin wannan ilimin da rauninsa ya kamata ya sani. Kafin lokacin kusan babu wanda ya taɓa haƙa mai zurfi a tsakiyar tekun Aktik, saboda ƙanƙarar saman ruwan tafiya take yi, jirgin haƙa kuma dole ya tsaya cak. Sai aka haɗa jirage uku, Sovetskiy Soyuz na Rasha mai aiki da nukiliya yana gaba yana farfasa manyan faifan ƙanƙara, Oden na Suwidin yana bi yana daddatsa su ƙanana, Vidar Viking yana tsaye yana haƙa, a kan tudun Lomonosov na ƙarƙashin teku, kilomita wajen 250 daga ƙuryar arewa, ruwan ya fi zurfin kilomita ɗaya. Suka nutsa mita 428 cikin laka. Abin da ya fito ya girgiza mutane. A can ƙasa aka samu ɓawon wata ƙwayar halittar ruwan zafi, Apectodinium, wadda aka san ta bazu a duniya lokacin wani zazzafan ɗumama wajen shekara miliyan 56 da suka wuce, kuma awon sinadaran lakar ya nuna saman ruwan ƙuryar arewa ya kai wajen digiri 23 a ma'aunin salshiyos. A Svalbard lakar wannan lokacin ta nuna gaɓa ta ja baya ruwa ya ƙara zurfi, kuma an yi sa'a akwai layin toka a ciki da ya ba da miliyan 55.8. Sama kaɗan a haƙan Lomonosov, wajen miliyan 49, sai lakar ta cika maƙil da Azolla, ɗan tsiron nan mai yawo a saman ruwan daɗi, alamar tekun ya kusa toshewa koguna suka malale samansa da ruwan daɗi na tsawon shekara wajen 800,000.

Amma a zurfin wajen mita 198 aka yi karo da matsala. Burbushin da ke ƙasan layin ya nuna miliyan 44, na samansa ya nuna miliyan 18, wato shekara miliyan 26 sun ɓace babu lakarsu. Aka gina bayanai a kan haka, har da cewa sai wajen miliyan 17.5 mashigin Fram da ke tsakanin Girinlan da Svalbard ya buɗe ruwan Atlantika ya shigo sosai. Sai wasu masana biyu daga Montreal, Poirier da Hillaire-Marcel, suka auna lakar da sinadaran reniyom da osmiyom suka ce a'a, giɓin bai kai ko rabin miliyan ba, lakar ce kawai ta riƙa kwanciya a hankali ƙwarai, kuma ruwan teku tun wajen miliyan 36 ya shigo. Laka ɗaya, rami ɗaya, bambancin kusan shekara miliyan 20. Dalili kuwa a fili yake, babu layin toka mai kyau a wurin, ƙananan halittu masu ɓawon alli da ake dogara da su a sauran tekuna ruwan Aktik yana narkar da su, waɗanda suka rage kuma 'yan gida ne da ba a san su a wani wuri ba. Ni a ganina duk lambar da ta fito daga burbushi kaɗai a Aktik, ba toka ba maganaɗisu, a riƙe ta da hannu biyu amma kar a rantse a kanta.

Yanzu abin da 'yan jarida suka fi tsallakewa. Dutse in ya nuna ruwa ya ƙara zurfi, bai gaya maka ko teku ne ya hau ko ƙasar ce ta nutse ba, duka biyun sawu ɗaya suke bari. Kwarin Sverdrup da ya tara kilomita 13 ai ba teku ne ya hau kilomita 13 ba, ƙasan ne yake ta lotsawa laka tana cikewa. Hanya ɗaya ta rabe su ita ce ka nuna hawan ya faru lokaci guda a nahiyoyi daban-daban, nan kuwa komai ya koma kan ingancin shekarun. A 1987 Bilal Haq da Hardenbol da Peter Vail, daga binciken kamfanin mai na Exxon, suka fitar da jadawalin hawa da saukar teku na duniya, mutane suka rungume shi, kowa ya samu layi a dutsensa sai ya nemo takwaransa a jadawalin. Andrew Miall na Jami'ar Toronto a 1992 ya ƙirƙiri jerin duwatsu na bogi da lambobin caca, ya gwada su da jadawalin, aƙalla kashi 77 cikin 100 suka dace. Wato layukan jadawalin sun yi yawa, kuskuren shekarun kuma ya yi faɗi, har komai ma zai iya dacewa. Ashton Embry da ya yi rayuwarsa a kan duwatsun Sverdrup shi ma ya daɗe yana cewa da yawa daga manyan iyakokin wurin motsin ƙasa ne ya yi su. Shi ya sa ko tsayin tekun Kiretashiyos ba a daidaita ba, wasu su ce ƙasa da mita 100 sama da na yau, wasu su kai 250. Abin da aka yarda da shi shi ne narkewar ƙanƙara kaɗai ba za ta kai can ba, ta Girinlan duka mita 7 ce, ta Antatika wajen 58, sauran daga ƙasan teku ne, lokacin sabon ɓawon ƙasa mai zafi yana ta fitowa da sauri, ya kumbura ya rage wa tekun zurfin mazubi ruwa ya malalo kan nahiyoyi.

Toh ga inda kabon yake shigowa. A gaɓar Svalbard da arewacin Kanada za ka ga tsofaffin gaɓoɓin teku jere a jikin tudu hawa-hawa, tsakuwa mulmulalliya, ɓawon halittun ruwa, ƙasusuwan kifin wel, da gungumen itacen da ruwa ya kwaso daga kogunan Saiberiya, alhali wurin ko bishiya ɗaya babu. A Kong Karls Land ta Svalbard suna kaiwa wajen mita 100 sama da teku, a gaɓar tekun Hudson na Kanada sun wuce 250. Waɗannan 'yan shekara dubbai ne, kabon yana cin su da kyau, kuma an fi son itacen a kan ɓawo saboda halittar teku tana shan tsohon kabon na cikin ruwa, sai ta nuna ta girmi shekarunta da wajen 400. Wanda bai sani ba zai ce teku ya taɓa kaiwa can sama ya sauka. Ba haka ba ne, wajen shekara 21,000 da suka wuce teku ma ƙasa yake da na yau da mita 120 zuwa 130, har ana tafiya a ƙasa daga Saiberiya zuwa Alaska. Nauyin ƙanƙara ne ya danne ƙasar, da ta narke ruwa ya shigo, ita kuma ƙasar ta fara tasowa tana ɗaga gaɓar sama, har yau a Churchill da ke bakin Hudson ma'aunin ruwa yana nuna teku yana sauka kusan santimita ɗaya a shekara. Af, tunda na ambaci waccan hanyar ta Alaska, ta nan kakannin raƙumi suka tsallako daga Amurka ta Arewa tun da daɗewa kafin wannan, kuma a 2013 Natalia Rybczynski ta ba da rahoton gutsattsarin ƙashin ƙafar wani ƙaton raƙumi a Ellesmere mai shekara wajen miliyan 3.5, shi ma ba da kabon aka auna ba, yashin da ya binne shi aka auna.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta tana cikin sauri da kuma dalili. Ko mun ɗauka tekun Kiretashiyos ya hau mita 200 cikin shekara miliyan 40, lissafa ka gani, milimita 5 kenan a shekara 1,000. Na yanzu ya hau wajen santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma tsakanin 2006 da 2018 yana tafiya milimita 3.7 duk shekara, abin da wancan yake yi a ƙarni bakwai wannan a shekara ɗaya yake yi, dan haka kwatanta su ma bai taso ba, injin da ke tura su daban ne. Wanda ya kamata a kwatanta da shi shi ne na narkewar ƙanƙara da ɗumamar ruwa, shi kuwa tarihinsa ba mai kwantar da hankali ba ne, wajen shekara 14,600 da suka wuce teku ya taɓa hawa mita 15 zuwa 20 cikin ƙasa da shekara 500, lokacin babu Legas babu Iskandariyya a bakin ruwa. A zamanin raƙumin Ellesmere ɗin nan kuma, iskar kabon da ke sama ta yi kusa da wadda muke da ita yau, dazuzzuka sun kai har tsibiran Aktik, kuma ƙiyasin masana ya sa tekun lokacin tsakanin mita 5 zuwa 25 sama da na yanzu.